Damin Gero da Baƙar Rigar Abdulwahabu

Duk faɗin ƙasar Bande ni kaɗai ce nake iya kiran Metir Abdulwahabu da "Wahabu sarkin gardama" a bainar jama'a, ya kuma yi dariya. Taubashina ne. Uwarsa, Inna Yagana, ƙanwar ubana ce, don haka tun muna wasan ƙasa nake da ikon in gaya masa abin da na ga dama. Sunana Baturiya, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa a kasuwar Magarya, kuma ban taɓa zama a bencin lakwal ba, wato makarantar boko. Shi kuwa aboka ne, abin da danginmu na Najeriya suke kira lauya, mai tsaya wa mutum a gaban alƙali kan rigimar gona ko gado ko ciniki, shi ya sa ake ce masa Metir. Ya ci shari'u da ba su ƙirguwa. Amma in ka zauna da shi yau, guda ɗaya ce take fitowa daga bakinsa, ita ma ba don alfahari ba. Ita ce shari'ar da ya raba Baba Mainassara da gonarsa, ya bar tsoho da sunan maƙaryaci a garin da aka haife shi.

A Garin Goni aka haife mu, wani ɗan ƙauye da ke kan hanyar Magarya. Uban Wahabu ya rasu tun shi yana ƙarami, ya bar Inna Yagana da 'yar gona da akuya biyu. Maƙwabcinsu shi ne Baba Mainassara, dogon mutum marar yawan magana, wanda gonarsa take bakin hanya, cike da gawo. Ba dangin kowa ba ne a garin. Ubansa baƙo ne da ya zo haƙar rijiya, da ruwa ya fito sai mai unguwar lokacin ya yanka masa wannan gona kyauta, aka raba goro aka yi fatiha. Ba a rubuta komai ba, don wa yake rubuta kyauta a wancan zamani?

Mu a wurinmu gona iri biyu ce a hannun wanda bai gada ba. In aro ce, duk kaka mai noma zai kai wa mai gona dami ɗaya na gero, ba don damin zai ƙosar da kowa ba, sai don a tuna ta wane ce. In kuwa kyauta ce, babu dami, an gama magana. Ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan.

To, Baba Mainassara yana da wata ɗabi'a tasa. In an yi girbi, ya fitar da zakka, kafin ya zuba ko zangarniya ɗaya a rumbunsa sai ya ware dami ɗai-ɗai ya aika gidan duk matar da mijinta ya mutu. Ba ya son godiya, shi ya sa ba ya zuwa da kansa. Wahabu ne yake kora jakin, ya sauke dami a gidan uwarsa, ya wuce ya sauke a sauran gidajen. A cikinsu akwai gidan Gwaggo Daso, matar ɗan mai unguwar nan da ya ba da gonar. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Isufu kuma yana can tashar Magarya yana dako, bai tsinana komai ba tukuna. Babu wanda ya taɓa tunanin cewa damin da yake shiga gidan Gwaggo Daso zai iya kama da damin aro.

Akwai kuma wata magana da tsohon yake yawan faɗa a gona, har mu yara muka haddace ta. In ya ji ana musu wani ya ce a kawo Alƙur'ani, sai ya girgiza kai ya ce shi har ya koma ga Allah ba zai dafa Littafi a kan abin duniya ba, ko da gaskiyar tasa ce tsirara.

Da mushe, wato malamin makaranta, ya zo ɗibar yara lakwal, iyaye suka dinga ɓoye nasu a rumbu. Inna Yagana ita ma ta so ta ɓoye Wahabu, don in ya tafi wa zai nome mata gona? Baba Mainassara ya ce mata ta bar yaro ya tafi, kansa yana ja, noman gonarta kuma ta bar masa. Haka ya yi ta yi, noman fari da maimai, har Wahabu ya gama kolej a Magarya, ya wuce lise a Damagaram, ya wuce jami'a a Yamai ya karanta shari'a. Ranar da ya zo gida da hotonsa cikin baƙar rigar aiki mai farin ƙyalle a ƙirji, na duba na ce, "Ashe duk wahalar nan da aka sha, hankaka aka tura ka ka zama?" Baba Mainassara ma sai da ya dara, abin da ba kasafai yake yi ba.

Dole in faɗi alherinsa, don ba mutumin banza ba ne. Ya buɗe buro, wato ofishinsa, a Damagaram, kuma tun farko ya ware wa kansa hanya. Bai cika son shari'ar farko ba, wadda ake yi da zafin zuciya. Shi mutumin apel ne, wato ɗaukaka ƙara. Wanda aka kayar a Magarya ko Dungas shi ne yake zuwa masa da takardu a leda da jajayen idanu. Sai ya zauna ya karanta abin da aka rubuta, ya gano inda ɗinkin ya saki. Abin da ya fi sauran abokan aikinsa da shi kuwa shi ne, shi ɗan ƙauye ne. Yakan bar buro ya je gonar da ake rigima a kanta, ya zauna a tabarma da tsofaffi, ya sha furarsu. Ya san jerin gamba ne iyaka ba kututture ba, ya san mai aro ba ya haƙa rijiya, ya san wane shiru ne yarda wane ne kunya. Na san wata mata 'yar Dantchiao da 'yan'uwan mijinta suka kore ta da marayu daga gona, ya karɓo mata ita har da garken da suka haɗa da shi. Akwai wasu makiyaya na wajen Dungas da aka nome musu burtali, shi ya sa aka buɗe musu. Mutane suka riƙa cewa in Metir ya ɗinke shari'a, ko allura ba ta samun wurin shiga.

Aibinsa ɗaya ne, kuma tun yana yaro yake da shi. Wahabu bai iya faɗuwa ba. Ko dara kuke yi ka cinye shi, ba zai bar ka ka tashi ba sai an sake.

Ya auri Samira, yarinya mai hankali, 'yar Alhaji Isufu. Isufun nan dai ɗan Gwaggo Daso, mai dakon tasha, wanda Allah ya buɗa wa a fataucin wake da riɗi zuwa Najeriya har ya zama Alhaji mai motoci. Muka sha biki, Baba Mainassara ne ma ya karɓa wa Wahabu auren a matsayin uba.

Rigima ta taso ne bayan an gyara hanya, manyan motoci suka fara bi ta gaban garinmu. Alhaji Isufu ya so ya gina mangaza ta ajiyar buhuna, ya duba bai ga wurin da ya kai gonar Baba Mainassara ba. Lokacin Gwaggo Daso ta rasu. Sai ya ce ai gonar kakansa ce, aro aka bayar, da idonsa ya sha ganin dami yana shigowa gidansu duk kaka. Ni ban ce ƙarya ya shirya ba. Mutum in yana son abu, zuciyarsa takan gyara masa abin da ya gani. Mai gari ya yi sulhu bai ɗauru ba, sarki ya yi bai ɗauru ba, aka je jastis, wato kotu, a Magarya. Tsofaffi suka ba da shaida cewa sun ji daga iyayensu kyauta ce, alƙali ya bar wa Baba Mainassara gonarsa.

A nan ne Alhaji Isufu ya aika a kira masa surukinsa, ya ɗaukaka masa ƙara. Metir ɗin da alƙalai suke saurara wa ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya tsuguna, kai a ƙasa.

"Ka tsaya wa Fulani, ka tsaya wa matan mutane," in ji Alhaji, "ni ne uban matarka ba za ka tsaya mini ba?"

Wa yake kallon surukinsa ya ce a'a? Wahabu ya ce, "To, Baba." Daga can gidana ya yo, ya same ni ina matsar tunkuza. Ya gaya mini, na ajiye muciya.

"Wahabu, kai fa ka kora jakin nan. Damin da ya shiga gidan Gwaggo Daso ƙanen wanda ya shiga cikinka ne."

"Na sani, Baturiya. Shiga zan yi in sasanta su. In na bar ma wani aboka dosiyen shari'ar nan, wulaƙanta tsohon zai yi."

"Kai ɗin? Yaushe ka taɓa shiga abu ka fito ba ka ci ba?"

Ya ce in bar shi, ni ban san shari'a ba. Na ce gaskiya ne, amma na san shi.

Ina jin da niyyar sulhun ya shiga. Amma da aka zauna a babbar kotun Damagaram, ya sa rigar nan, ya ga wani matashin aboka da aka samo wa Baba Mainassara yana magana da ƙarfin gwiwa, sai halin ya motsa. Ya tashi ya nuna cewa a cikin masu shaidar kyauta babu wanda ya gani da idonsa, duk ji suka yi. Dami kuwa rayayyun mutane sun gan shi shekara da shekaru. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya sani ne kawai ya haɗiye. Da magana ta tsaya a tsakiya, babu hujjar da ta rinjayi wata, sai ya roƙi kotu ta bi al'ada, a ba wanda gona take hannunsa rantsuwa. Babu wani aboka a duniya da zai san abin da wannan roƙo yake nufi in ba shi ba. Sai da ɗan gari akan ci gari.

A gonar aka yi, bayan an kwashe amfani. Wakilin kotu ya zo, wakilin sarki ya zo, liman ya zo da Alƙur'ani a cikin gafaka. Gari ya fito kaf, mu mata muna daga baya a gindin gawo. Baba Mainassara ya yi alwala, ya tako har gaban liman, na ce a raina yau tsoho zai karya maganarsa ya tsira da gonarsa, kuma wallahi na so ya yi. Ya daɗe yana kallon Littafin. Sannan ya mayar da hannuwansa baya.

"Gonar nan kyauta ce aka ba ubana," in ji shi. "Na faɗa, ina kuma faɗa. Amma ƙasar da za ta cinye ni gobe, ba zan dafa Littafin Allah a kanta ba."

Wakilin kotu mutumin kirki ne, ya yi masa bayani har sau biyu cewa in ya ƙi, rantsuwa za ta koma kan Alhaji, in Alhaji ya rantse kuma gona ta tafi. Tsoho ya ce ya ji. Sai ya juya ya nemo Wahabu da ido, yana tsaye kusa da motarsa.

"Wahabu, kai ka ce a kawo?"

"Aikin shari'a ne, Baba."

"To, madalla."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Alhaji Isufu ya yi alwala ya rantse, aka rubuta, aka watse. Ban taɓa jin kunyar jinina irin ta ranar ba, har na kasa zuwa in gaishe da tsohon.

Rashin gonar ya yi masa ciwo, amma ba shi ne ya karya shi ba. Wani ya ba shi aron 'yar gona a bayan gari, shi da ɗansa Nura suka ci gaba da noma. Abin da ya karya shi bakin mutane ne. Samarin da suka taso ba su san halinsa ba, suka dinga cewa in da gaskiya gare shi ai da ya rantse. A kasuwar Bande har karin magana aka yi da shi, in mutum ya noƙe a ciniki sai a ce ya yi ta Mainassara. Mutumin da a da ba a ɗaura aure ko raba gardama sai da shi, sai ga shi ana tsallake ƙofarsa. Ya daina zama a dandali, daga gona sai masallaci sai zaurensa.

Shi kuma Metir, daɗin cin nasarar bai kai shi ko'ina ba. Ranar da ya biyo hanya ya ga an sassare gawon nan ana zuba harsashin gini, a gidana ya tsaya, na ba shi ruwa ya kasa sha. Daga nan ya shiga neman hanyar warware abin da ya ƙulla. Ya ɗauki takardun a ɓoye ya kai wa wani abokin karatunsa a Yamai, ko za a samu kafar kai ƙarar kotun ƙoli da sunan Nura. Mutumin ya karanta ya dawo masa da su, ya ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, kuma ko da bai wuce ba, wanda ya yi aikin nan bai bar ƙofa ko taga ba. Yabo ne aka yi masa, amma ya ce mini bai taɓa jin zagi mai zafinsa ba.

Sai ya sayi wata gona a kusa da fadama, wadda ta fi waccan kyau nesa ba kusa ba, ya aike ni in kai wa tsoho albishir. Baba Mainassara ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni yara, ya ce in gaya wa Wahabu ya zo da kansa. Muka koma tare. Muka same shi a zaure yana tufkar igiya da kaba. Wahabu ya tsuguna ya fara jero magana irin tasu, tsoho ya ɗaga masa hannu.

"In na amshi gona daga hannunka, na yarda waccan ba tawa ba ce ke nan, sadaka aka yi mini. Ba gona nake so ba, Wahabu. Abu ɗaya nake so. Ran Juma'a in an sallame, ka tashi a masallacin garin nan ka gaya ma mutane damin nan na mene ne. Kai ka kora jakin, kai za su yarda da kai."

Wahabu ya ce, "Baba, abin da nauyi. Mu a aikinmu an rantsar da mu, aboka ba ya juya ma wanda ya tsaya mawa baya. In na faɗa, za su iya amshe rigata. Kuma Alhaji ya dafa Alƙur'ani, in na yi magana kamar na ce uban Samira ya rantse a kan ƙarya ne. Ka ba ni lokaci in san yadda zan yi."

"Lokaci ba nawa ba ne balle in ba ka," in ji tsoho, ya ci gaba da tufkarsa.

Daga ranar Wahabu ya tsiri zuwa sallar Juma'a a Garin Goni. Ba kowane mako ba, amma a kai a kai, tun daga Damagaram. Zai shigo da niyya, ya ce mini yau ce ranar. A yi salla, a sallame, ya miƙe tsaye, mutane su ɗaga kai su dube shi, sai ya gyara hula ya nufi inda ya bar takalmansa. Mutumin da yake tsayawa gaban alƙalai uku ya yi magana tun hantsi har azahar, ya kasa jimla biyu a gaban manoma. Na zage shi, na lallashe shi, na yi masa gori. Na ce masa kurar da take cin mutane a birni ashe a gida tunkiya ce. Ya ce in bari yaransa su ƙara girma. Ya ce in bari a gama wata babbar shari'ar gado da ke hannunsa.

Ana haka Alhaji Isufu ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Na ce to, yanzu fa? Ya ce ai bai kamata ba, ƙasar kabarin mutum ba ta bushe ba a tono masa magana, a bari a yi arba'in. Aka yi arba'in, ya ce a bari matan su fita takaba. Suka fita, sai ga rabon gadon Alhajin, kuma shi ne a tsakiya. Kullum dalilinsa mai kyau ne, don aikinsa ke nan, samo dalili mai kyau. A wannan tsakanin sunansa ƙara tashi yake yi, har daga Maraɗi da Diffa ake zuwa nemansa, matasa masu koyon aikin suna rububin zama a buronsa. Baba Mainassara kuwa yana ta tsufa. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, kunne ya yi nauyi, har ya zama sai Nura ya ɗora shi a amalanke ake kai shi masallaci.

Da damina ya rasu, gero ya fara fitar da kai, wata safiyar Talata. Na buga wa Wahabu waya, ya baro zaman kotu ya kamo hanya, ya iso ana fito da gawa. A ƙofar gida aka ajiye makara, mu mata muna ciki, zana ce kawai tsakaninmu da su, don haka komai a kunnena aka yi. Kafin a ta da salla liman ya yi tambayar da aka saba, ko akwai mai wani haƙƙi tsakaninsa da mamaci. Sai na ji muryar taubashina, ba irin ta kotu ba, wata siririya.

"Ni ne. Jama'a, gonar bakin hanya kyauta ce aka ba uban Baba Mainassara. Damin da ake kai wa gidan Gwaggo Daso sadaka ce, irin wadda ake kai ma uwata. Ni nake kora jakin. Na san haka ranar da na tsaya a kotu, kuma na san ba zai rantse ba shi ya sa na ce a ba shi rantsuwa. Bai taɓa yin ƙarya ba."

Ni ina bayan zana hawaye ya hana ni ganin komai, ina cewa a raina dubi abin da bai fi numfashi uku ba. Sai Nura ya yi magana, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi.

"Metir, mun ji, Allah ya saka. Manyan garin nan da ma sun sani, yaran da ba su sani ba kuma ya daɗe da daina kula su. Daga bakinka yake so ya ji. Duk Juma'ar da aka ce mishi ga motarka nan, sai ya ce in kai shi sahun da kake in zaunar da shi dab da kai, wai kunnensa ya yi nauyi, kada ka faɗa bai ji ba."

Liman ya ta da kabbara, aka yi salla, aka ɗauki makara.

Babu wanda ya kai Wahabu ƙara wurin manyan aikinsu. Babu wanda ya taɓa masa riga. Samira da labari ya kai mata kuka ta yi, ta ce me ya hana shi faɗa tun tsohon yana da rai, ita ai ba za ta hana shi ba. 'Ya'yan Alhaji suka yi fushi na ɗan lokaci, suka huce, mangaza tana nan ana ta sauke buhuna. Abin da ya kwashe shekaru yana tsoro, da ya zo ko kaza bai kashe ba.

Har yanzu yana aiki, furfura ta cika masa kai, kuma har yanzu ba a cika kayar da shi ba. In ya biyo ta Magarya yakan tsaya a rumfata ya zauna a kan jarka, ya yi ta kallon masu wucewa. Rannan ya tambaye ni, tunda ni nake shiga gidan har ƙarshe, ko na taɓa jin tsoho ya ce ya yafe masa. Na so in ce masa e, don tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Amma ban ji ba, sai na ce masa ban ji ba.